Minti Biyar a Famfon Zumreta

A rage rediyo, a ajiye finjali, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Zan gabatar muku da Maystor, wato ƙwararren mai sana'a, Ragib na ƙauyenmu Brezik: babban bakaniken masana'antar tsaga katako har shekara talatin da ɗaya, likitan duk wani ƙarfe mai juyawa tun daga kan tsauni har bakin kogi, direban cuku da masu cuku, mai mota guda wadda ta girme ni da shekara tara, kuma, in ji limaminmu daga kan mumbari, mijin da ya fi kowane miji riƙon amanar matarsa a yankin nan kaf. Duk na farkon gaskiya ne. Na ƙarshen shi ne ya hana bawan Allah ɗaga kai a masallaci.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa fari fat sai gefe guda da taba ta rina. Ya bar tabar tuntuni, launin ne ya ƙi tafiya. Da aka rufe masana'anta, abokan aikinsa suka watse, wasu Jamus, wasu maƙabarta, shi kuwa ya komo kan tsauni da akwatin spanoninsa da motarsa. Mai ciwon haƙori, mai zuwa karɓar fansho, mai naƙuda, duk ƙofarsa ake bugawa. Ranar Alhamis ta mata ce: su cika but ɗin mota da kujerar baya da bokitan cuku da kaymak, wato kirim ɗin saman madara, ya sauke su kasuwar Travnik, ya komo da su bayan azahar.

Motar a da fara ce. Yanzu launinta na tsohon haƙori ne. Amma a gidan gahawa, in an ɗauko hirar motoci, Ragib yakan bari kowa ya gama cika bakinsa, sannan ya juya finjalinsa a hankali ya ce, "Tawa ba a taɓa buɗe mata inji ba." Ba ya ƙara komai. Wasu suna da hoton Makka a falo, wasu suna da ɗa likita. Shi wannan maganar ce abin da yake da shi.

Abin da ba ya faɗa shi ne, motar tana shan baƙin mai kamar maraƙin da ya kwana bai ga uwarsa ba. Wasu 'yan robobi ne a kan bawul, tsufa ya busar da su suka yi tauri. Daga Brezik zuwa ƙasa gangara ce ta kilomita goma sha ɗaya, da giya ta biyu ake saukowa, ƙafa ba ta taɓa totur. Duk tsawon gangarar nan injin yana zuƙar mai ta waɗannan robobin yana tarawa. In an iso ƙasa an taka totur, sai salansa ta amayo shuɗin hayaƙin da saniya za ta ɓace a cikinsa. To bakaniken da motarsa ke hayaƙi, wa zai sake kai masa ko injin niƙa? Wace mace ce kuma za ta yarda a shiga kasuwa da cukunta cikin gajimare?

Ga wata matsalar: Brezik ba shi da inda yake a kwance. A wurinmu kaza in ta yi ƙwai sai ta bi shi a guje. Sandar gejin mai kuwa ba ta faɗin gaskiya sai mota tana tsaye daidai. A ƙofar gidan Ragib takan nuna a cike, a juya motar ta nuna babu ko ɗigo. Wuri ɗaya tak ne shimfiɗaɗɗe a duk hanyar, can ƙarshen daji kafin kwanar ƙarshe, wani ɗan fili da idon ruwa ke tsiyaya a gefensa cikin taɓo.

Lokacin da matarsa Zumreta ke da rai, ita kaɗai yake saukarwa kasuwa, sai 'yarsu Mersiha mai karatu a gari. A filin nan suke tsayawa. Ya taka totur motar ta yi tarinta inda ba mai gani, ya kashe, ya jira minti biyar mai ya kwanta, ya zaro geji ya duba. Zumreta ta ga yana zubar da rabin man a kan inji, sai ta ɗauko mazurarin da take ɗura ruwan 'ya'yan itace a kwalba, wani shuɗi mai ɗan tsagewa a baki, ta ce ta sadaukar. Ita ke riƙewa, shi yana tsiyayawa. In sun gama ta tsuguna tana wanke hannu a taɓo tana mita: "Maystor guda, ya kasa sa wa ruwa bututu."

Bai sa ba sai da ta mutu. A wurinmu in an yi rashi, mai hali yakan gina wa mamacinsa famfon sadaka, kowa ya sha lada ya isa kabari. Mutane sukan gina kusa da masallaci ko a mararraba. Ragib ya gina nasa a filin nan: bango na dutse mai tsayin mutum, bututu, kwami don shanu, moɗa ɗaure da sarƙa, da allon dutse mai sunanta. Ya bar ɗan lungu a bayan bangon. A lungun ya ajiye akwati, a akwatin galan, tsumma, da shuɗin mazurari.

Bayan arba'in ne matan ƙauye suka fara shiga motarsa, don kada ya riƙa saukowa shi kaɗai. Alhamis ta farko, da aka iso famfon, ya kutsa kan motar bayan bangon ya tsaya, yana tunanin ta yadda zai buɗe bonet a gabansu. Maƙwabciyarsa Devleta, wata doguwar tsohuwa da ba a taɓa kayar da ita a ciniki ba, ta dube shi, ta dubi allon, ta zunguri ta kusa da ita.

"Ku fito mu taka. Maƙwabci, ka same mu bayan kwana. Kada ka yi sauri."

Suka tafi. Ya yi abin da ya saba. Iska ta juyo da hayaƙin ta watsa masa a fuska, ya same su bayan kwana idanunsa jawur suna ruwa. Devleta ta kwance bakin gyalenta ta miƙa masa dunƙulen sukari.

Da ya ce uffan a ranar, da ba ni da labarin bayarwa. Ya karɓi sukarin ya jefa a baki.

Shekara goma ke nan. Duk wanda ya shiga motar Ragib ya san doka: a famfon Zumreta ana fita a taka, a bar mutum da matarsa. Abin ya yi ta girma shi kaɗai, kamar kabewa a bayan ɗaki. Amare suka fara tsayar da ayarin biki a sha ruwan. Mata suka samu sandar dukan mazajensu: "In na mutu, ko kwalbar ruwa ba za ka ajiye min ba." Wata Juma'a liman yana huɗuba a kan zaman aure, ya ce ba zai kama suna ba, amma akwai wani a cikinmu wanda har yau ba ya wuce famfon matarsa idonsa a bushe. Masallaci duka ya waiwayo. Ragib yana sahu na uku, ya ƙura wa safarsa ido har aka tayar da salla. Aka ce kun gani, ga tawali'u kuma.

Ba wai ba ya yi mata addu'a ba ne. Yana yi, a masallaci, da kuma kan kabari ranar idi. Amma a famfo Fatiharsa a guje take fita, rabin hankalinsa na kan galan kada ya zarce. Wani lokacin sai ya hau kwalta yake tuna bai karanta ba sam. Wata shekara gansakuka ta rufe rabin sunanta a allon, bai lura ba har sai da wani baƙo mai keke ya kankare. Ranar ya wanke hannu sau uku, yana jin kamar har yanzu da saura.

Sai Mersiha ta bugo waya daga Graz, can ƙasar waje, inda take aikin jinya a gidan tsofaffi. Za ta zo addu'ar shekara goma, za a yi taro ranar Asabar.

"Amma Babo, ranar Alhamis ni zan zauna gaba. Ina son in tsaya wurin Mama tare da kai. Kowa yana ba ni labari, ni ban taɓa gani ba."

"Ai hanyar ba ta da kyau," in ji shi.

"Hanyar da aka haife ni a kanta?"

Washegari ya sauka wurin Drago. Tare suka yi aiki a masana'anta, yanzu Drago yana da shagon kayan mota kusa da gada. Shi kaɗai ya san sirrin shan man, tunda shi ke sayarwa, kuma shekara ashirin yana miƙo masa galan cikin baƙar leda ba tare da ya tanka ba.

"Maystor, yau ba ranarka ba ce. Ta shanye na wata a mako?"

"Wanda ba ta sha nake so."

"Ni ma gwiwar da ba ta ciwo nake so. In ka samu ka sayo mana biyu."

Ragib ya nuna da haɓa can saman kanta, inda wani galan mai ruwan zinariya ke zaune shi kaɗai. Drago ya bi haɓar da kallo, ya cire tabarau, ya mayar. Ya ɗauko wani guntun gilashi, ya ɗiga mai iri biyu a kai, ya karkata shi. Ɗaya ya gangara nan take. Ɗayan ya tsaya yana shawara.

"Mai nawar nan naka ne, ashirin-da-hamsin, kauri kamar zuma a lokacin sanyi. Kafin ya lallaɓa ya wuce robobinka kun kai gari. Mai gudun nan biyar-da-talatin ne, na motocin yaran da ke dawowa hutu a watan Agusta, waɗanda ko gashi ba ya ratsa injinsu. Taka akwai inda yatsa zai shiga. Ta ko'ina zai bi. Har dattin da ya toshe mata ɓaraka shekara da shekaru zai wanke ya tafi da shi."

"Shi ne mafi tsada?"

"Shi ne."

"To ba ni."

"Ragib, ni kake wa tambayar 'yan koyo?"

"In za ka yi wa mamacinka yanka, ramammen rago kake zaɓa?"

"Mu a coci kyandir muke kunnawa, kuma kyandir ba ya bi ta bawul." Drago ya jingino kan kanta, ya rage murya. "Ka kawo ta Asabar. Ni da kai, mu ɗaga kan injin mu sauya robobin. Yini ɗaya. Zan rufe ƙofa, ko ƙuda ba zai gani ba."

"Ba a taɓa buɗe mata inji ba."

"Na sani. Travnik duk ta sani. Karnukan gada ma sun haddace."

Kada wani ya ce Ragib bai san gaskiyar Drago ba. Mutumin da ke gane ciwon inji daga jin sautinsa ta waya, ya sani sarai. Amma ya kai inda yake son ya yi wani abu mai tsada, ko da na wauta ne, ya ji ya biya. Bai nemi ragi ba. Ya ce kuma kada a sa a leda, ya rungumo galan ɗin a fili har mota.

Ya rufe kansa a rumbun ciyawa ya yi juye. Lita huɗu cif ta shanye, babu ragowa. Da ya tayar, injin ya yi wani laushin sauti da ya rabu da ji tun Mersiha na goyo. A nan ya ɗaukar wa kansa alkawari: daga yau har a gama addu'a ba zai buɗe bonet ba. Zai koya wa kansa tsayawa a famfo hannu wofi, kamar mutumin da ake cewa shi ne. Akwatin lungu ma ya yi niyyar ɗaukewa. Sau biyu yana kai hannu yana fasawa.

Kwana goman da suka biyo baya motar ba ta huta ba. Kujeru daga makaranta, buhun fulawa, sukarin dafa halwa, wato alewar sadaka, rago, gwaggo daga tasha, wata gwaggon daga wata tashar. Kullum sau biyu, wani lokacin sau uku, sama da ƙasa. A famfo yakan sauke mutane su taka, ya fitar da hayaƙin, ya tsaya gaban allon hannuwa a buɗe. Ya lura hayaƙin ya fi na da kauri. Ya ce wa kansa sabon mai ne yake wanke ciki.

Alhamis ta zo. Mersiha a gaba, da farin gyalen uwarta a kai. Devleta a baya tsakanin bokitai, sauran matan sun ce za su bi bas don a ba uba da 'ya wuri. A kwana ta huɗu jar fitilar mai ta ƙifta ta ɗauke. A ta shida ta ƙifta sau biyu.

"Babo, mene ne wancan jan?"

"Waya ce ta saki."

Shekara goma bai taɓa yin ƙaryar nan da bakinsa ba, mutane ne ke yi masa ita yana yin shiru. Yau ga shi ya buɗe baki ya yi wata, ga 'yarsa, a kan hanyar uwarta. Daga kujerar baya Devleta ta yi wani ɗan tari.

Ya saki motar ta gangara cikin filin, ya kashe tun kafin ta tsaya. Devleta ta fito ta gyara gyale.

"Zo mu taka, 'yata."

"Ni ba baƙuwa ba ce, Inna. Ki je, za mu same ki."

Suka tsaya gaban allon su biyu. Ruwa na zuba a kwami, injin na ƙas-ƙas a bayansu yana hucewa. Ragib ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha a hankali, harafi bayan harafi, yadda ya daɗe bai yi a wurin nan ba. Ya kai ƙarshe kuwa. Amma ko a tsakiyarta yana lissafin kilomita bakwai da suka rage zuwa gari, da abin da ke faruwa da inji in ya yi su a bushe. Mersiha tana kuka a hankali, irin na gaske. Ta shafa, ta sha ruwa a moɗa, ta miƙa masa. Ta dubi idanunsa. A bushe suke ƙaƙas.

"Don ina nan ne, ko? Ka yi haƙuri, Babo. Mu tafi."

Ta buɗe ƙofa ta shiga. Shi yana tsaye da makulli a hannu. Zai iya tayarwa, ya lallaɓa, wataƙila su kai, wataƙila injin ya kama a kan gada. In ya kama, ai sai a ce tsufa ne, 'yarsa ta koma Graz da ubanta yadda ta zo da shi. Har ya sa ƙafa ɗaya a mota. Sai ya ga gyalen nan fari ta gilashi, a kujerar da mai shi ke zama.

"Fito," ya ce. "Ba za mu kai ba."

Ya zagaya bayan bangon ya ɗauko akwatin, ya dire a gabanta. Ya ɗaga bonet. Ya zaro geji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna mata: ko kan sandar mai bai taɓa ba.

Mersiha ba geji take kallo ba.

"Mazurarin Mama ne wannan."

"Shi ne."

"Me yake yi a nan?"

"Aikinsa."

Yana ganin fuskarta tana haɗa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar wake.

"Minti biyar ɗin nan da ake ba ka?"

"Sai mai ya kwanta geji ke faɗin gaskiya."

"Jan idon fa?"

"Hayaƙi."

"Kullum?"

"In iska ta juyo."

Ta zauna a bakin kwami. Ya ɗauka za ta fashe da kuka, sai ya ji wani sauti tsakanin dariya da shaƙewa.

"Babo, shekara goma ina goranta wa mijina da kai. Bawan Allah har furanni ya fara sayowa don tsoro. Matan da nake aiki da su duk sun san ka. Akwai wadda ta ce in tambaye ka ko kana son ƙarin aure."

"Ban taɓa cewa kowa ina kuka ba."

"Ka taɓa cewa ba ka yi?"

Ya buɗe galan, ya ɗora mazurarin a karkace, mai ya fara bin gefe. Ta tashi ta ƙwace mazurarin ta riƙe daidai, ta karkata shi yadda tsagewar ke kallon sama, ba tare da an gaya mata ba. Ya tsiyaya. Ba wanda ya dubi wani.

"Na san dalilin da ya sa ka gina shi a nan," ta ce, idonta a kan man. "Ina kujerar baya ina jin mitarta. Wannan ban manta ba. Na ɗauka dai ka gyara motar tuntuni, tsayuwar ce ta rage." Ta ɗaga mazurarin, ta bar ɗigon ƙarshe ya sauka. "Ina kake ajiye akwatin?"

Ya so ya hana ta, bai san da wane baki ba. Ta zagaya. Ƙasar lungun baƙa ce ƙirin, tana sheƙi, faɗin ƙofa guda, ko ciyawa ba ta fita. Ɗigon shekara goma. Ƙarshen baƙin bai fi taku biyu ba daga inda ruwan kwami ke malala zuwa rafi.

Dariyar ta tafi daga fuskarta.

"Kukan ban damu da shi ba, Babo. Ka yi ko kada ka yi, tsakaninku ne. Amma nan shanu ke sha. Amare ke sha. Da sunanta a sama."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da galan a hannu, bakaniken shekara talatin da ɗaya, wanda ya taɓa korar ma'aikaci don ya zubar da mai kusa da kogi.

"Kun mutu ne a nan?"

Devleta ce ta dawo, ta gaji da jira. A tsakanin yatsunta akwai taba tana ci. Ta ga bonet a buɗe, ta ga galan, ta ja tabarta.

"Au, yau a fili ake yi?"

Ragib ya juyo. "Kin sani?"

"Maƙwabci, na binne miji, na binne ɗa. Hawaye ba ya warin ƙonannen mai. Tun mako na biyu muka gane."

"Sukarin fa?"

"Na farkon na tausayi ne. Sauran don ka yi shiru." Ta kaɗe tokar. "Kai kana da abin ɓoyewa a bayan bango, mu muna da namu a bayan kwana. 'Ya'yana sun ɗauka na bar wannan tun kafin a haifi jikata. Minti biyar ɗinka su ne hutun da muke samu a mako. Maza ne dai suka yarda da labarin, su da liman. Ku rufe mu tafi, kaymak ba ya son rana."

Da ya tayar, hayaƙin da ya fito ya rufe famfon da allon da rabin daji. Mersiha ta tsaya a gefe tana kallo har ya washe, gyalen uwarta a kan hanci.

Aka yi addu'a ranar Asabar, aka ci halwa. Da asubar Lahadi aka ga Ragib a lungun da shebur da baro. Ya haƙe baƙar ƙasar har gwiwa, ya ɗure a buhuna, ya kai gari inda ake karɓar tsohon mai. Mersiha ta zauna a bakin kwami tana nuna masa inda ya rage. Ba ta taɓa shebur ba, ba ta kuma tafi ba sai da ya zuba sabon tsakuwa. Da za ta hau bas ta sumbaci hannunsa yadda aka saba, ta ce mijinta dai ba za ta gaya masa ba, furannin suna da kyau.

Wurin liman ya je da ƙafarsa. Liman ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu, ya tambaya ko ruwan yana zuba har yanzu. Ragib ya ce yana zuba. Liman ya ce to, ba zai hau mumbari ya warware huɗuba ba, amma ba zai sake ba. Drago kuwa ya miƙo masa ashirin-da-hamsin, ya tambaya cikin ladabi ko a sa a leda ko rago zai tafi a fili. Maganar buɗe inji har yau suna kanta. Ragib ya ce bayan kaka. Bai faɗi ta wace shekara ba.

Yanzu a gaban kowa yake ɗaga bonet, da tsohon faranti a ƙasa don ɗigo. Matan har yanzu suna takawa bayan kwana, ba wanda ya tambaye su dalili. A gidan gahawa in an ɗauko hirar motoci, juya finjalinsa kawai yake yi.

Makon jiya na bi shi gari, neman wani aikin da aka ce an riga an ba wani. A famfo na ƙi takawa. Ya kashe mota, ya wanke hannu tukuna, ya tsaya gaban allon. Ban san abin da yake faɗa ba, leɓensa dai na motsi, kuma ya wuce minti biyar, na duba. Da ya juyo na zaro takarduna, na ce Kawu, na rubuta tarihinka, duniya za ta san ka. Na hau bakin kwami na karanta masa farkon da murya irin ta mai labarai, tun daga a rage rediyo har likitan duk wani ƙarfe mai juyawa. Ya saurara yana goge geji. Ya mayar, ya zaro, ya kai kusa da ido.

"Rabin lita," ya ce. "Matsa, ka tare min haske."